Ranar da Buraima Ya Bi ta Ƙofa

Buraima taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, don haka ina da izinin faɗin duk abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. Gajere ne, ƙafafunsa sun gwame saboda tafiya, muryarsa kuwa idan yana yi maka raɗa a tashar Gure, na cikin kasuwa ma sun ji. Shekara talatin yana kora shanun fatake zuwa Nguru, can Najeriya, kuma bai taɓa bi ta gaban gidan duwan, wato kwastan, ba. Ta bayan tuddan rairayi yake zagayawa, kamar kowa. Sai dai shi abin yana cin ransa. Ya sha faɗa mini a shagona na ɗinki, "Illa, ko akuya ban taɓa sata ba, amma kullum ina sanɗa kamar ɓarawo a ƙasar da kakana ya yi kiwo."

Yana da ƙanwa guda, Dija. Da farin saba'in da uku ya ƙone makiyaya, ita da mijinta suka kora shanunsu sittin suka yi kudu. Mijin ya rasu a can, shanu suka yi ta faɗuwa har saura tara. Ta aiko ta bakin direbobin kamyo, manyan motocin kaya, cewa tana son dawowa gida kafin damina, a zo a rako ta.

Ana cikin haka, a ƙarshen watan Mayu na saba'in da biyar, bazara ta kai maƙura, Buraima yana zaune a shagona da zanen aro a ƙugu ina yi wa wandonsa faci. Sai rediyon da na rataye a ƙusa ya ce shugabannin ƙasashe goma sha biyar na Afirka ta Yamma sun taru a Legas, sun sa hannu sun kafa ƙungiya guda, Sedeyawo, domin mutane da kaya su riƙa kai da kawo ba shamaki. Ban ankara ba sai na ga zane ya yi waje. Haka taubashina ya ratsa kasuwa ba wando, yana ihu, "An buɗe! Jama'a, an buɗe!"

Mako guda Gure ba ta huta ba. Cikin ƙasashen goma sha biyar, huɗu kawai ya san sunansu, Nijar da Najeriya da Dahome da Gana, sauran kuwa ya ce ai duk dangi ne, za a saba. Ya riga ya tsara komai. Kuɗi zai zama ɗaya. Za a shimfiɗa hanya daga Gure har bakin teku, kanwarmu da dabinonmu su shiga jirgin ruwa. Idan manyan duniya suka zauna shawara, za a ajiye mana kujera, kuma Faransa sai ta yi sallama kafin ta shigo. Wanda ya fi so shi ne zancen jar dawar taimako da aka raba mana lokacin fari. "Wata rana su ma ruwa zai ƙi musu," in ji shi, yana buga sanda a ƙasa. "Sai mu goma sha biyar mu haɗa gero mu loda mu aika wa Amirka, mu ce ga shi, ba yawa, a yi wa yara kunu." Ina yi masa dariya, amma gaskiya sai da tsigar jikina ta tashi. Mun gaji da miƙa hannu.

Na ce masa, "Kai gwame, irin wannan takarda ba a rana ɗaya take aiki ba." Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. Ya tuna mini rigimar da aka yi a kan wata rijiya kusa da Kelle, tsakanin danginsu da wasu makiyaya. Dattawa suka zauna a kan tabarma, aka daidaita, aka shafa Fatiha, aka raba goro, kuma kafin su kakkaɓe rigunansu gugan baƙi ya riga ya shiga ruwa. Haka ake yi a wurinsu, da an shafa magana ta zauna. "Manya goma sha biyar sun zauna sun tashi, ka ce a jira? A jira wa?"

Ya sa na ɗinka masa farar riga sabuwa, ya ce da ita zai shigo da Dija. Na rufe shago na bi shi, don ba na so a ba ni labarin wannan abin dariya, na fi so in gani da idona.

Muka sami Dija ta rame, shanunta tara kuwa ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Ta ce a bi ta daji yadda aka saba. Buraima ya ce, "Ta ƙofa za ki shiga gidan ubanki."

Da hantsi muka isa iyaka. Ɗaki biyu ne na ƙasa da tuta, sai doguwar sanda da aka gicciya a kan durom biyu, ita ce bariyar. Shugaban wurin wani dogon Babarbare ne, Abatcha. Buraima ya gyara farar rigarsa ya ɗaga murya, "Barka da arziki, shef! Ɗage mana sandar nan, ƴan Sedeyawo ne!"

Abatcha ya gaishe shi da ladabi, sannan ya nemi takardar shanu da ta allura.

"Ɗana, ba ka da rediyo ne?" in ji Buraima.

"Ina da shi, Baba. Ranar har rawa na yi a ɗakin can. Amma ni takarda nake bi, kuma ba ta iso ba. In shanun nan suka tsallaka sandar nan ba shaida, dole in tsare su." Ya dubi Dija, ya rage murya. "Yanzu zan shiga in yi walha, ni kuwa sallata tana da tsawo. Tudun can ya san ka, kai ma ka san shi."

Da wani ne, da ya yi godiya ya kaɗa shanunsa. Buraima ya ce Allah ya kiyaye, takarda tana hanya, ƙila ma tana cikin kamyon gobe. Ya shimfiɗa buzu a gindin wata aduwa ya zauna. Duk motar da ta tayar da ƙura sai ya miƙe ya kakkaɓe riga. Ga shi babu rijiya a wurin, sai durom guda na ma'aikata. Rijiyar da muka baro tana da tafiyar wuni, ta gabanmu kuwa rabin wuni ce, amma tana bayan sanda.

Muka kwana ɗaya, muka shiga na biyu. Shanu suka daina kuka, kuma duk wanda ya san dabba ya san shirun nan ya fi kukan muni. Da azahar tsohuwar jar saniya, uwar garken, ta durƙusa. Dija, wadda ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi wanta ba, ta je ta tsaya a kansa.

"Yaya, na binne mijina a ƙasar mutane. Na bar wa ungulu hamsin da ɗaya. Waɗannan taran su ne abin da ya rage mini a duniya, kuma ba su san Legas ba. Ƙishirwa suke ji."

Buraima ya daɗe yana kallon saniyar. Sannan ya tashi, ya tuɓe farar rigar, ya ninke ta sosai, ya kai wa Abatcha. "Ajiye mini wannan. Ran da takarda ta zo ka aiko mini Gure, in zo in sa in wuce." Muka kama jar saniya muka tayar, Abatcha ya shiga ɗaki ya tayar da walhar da ba lokacinta ba, mu kuwa muka zagaya ta bayan tudu. Duka taran sun kai rijiya da ransu. A hanya, karo na farko a rayuwata, ban yi masa tsiya ba. Tausayinsa ya kama ni.

Kada a ɗauka ya huce. Shekara huɗu yana zuwa shagona jin labarai, ya je ya yi katin dantite, wato katin shaida mai hoto, ya haddace sunayen ƙasashen duka, har da wadda ta shigo daga baya. Yara suka sa masa Baba Sedeyawo, yana amsawa da fara'a.

Ƙarshen saba'in da tara wani direba ya tsaya a ƙofar shagona ya ce shef Abatcha ya ce a gaya wa mai riga ya zo. Washegari muna kan kamyo. Abatcha ya fito da rigar daga akwatinsa, tana ƙamshin turaren wuta, ko asu bai taɓa ta ba.

"An sake sa hannu, Baba, kuma wannan karon wata takarda ta iso. Amma ta mutane ce. Ta shanu ba ta zo ba."

"Mutane ai su ne gaba," in ji Buraima. "Shanu a baya suke bi."

Ya zura riga, ya miƙa katinsa da hannu biyu, ya ce a ɗaga sanda sama sosai, shi da ko ba a ɗaga ba rusunawa kaɗan zai yi ya wuce. Ya taka a hankali, ƙirji a gaba, ya shiga Najeriya. Ya juyo ya shigo Nijar. Sau uku yana yi, direbobi suna tafi, wata mai fura ta rangaɗa guɗa, shi kuwa yana dariya hawaye na sauka cikin gemunsa. Ni ma na juya baya na ce ƙura ce ta shigar mini ido.

Da za mu hau mota, sai ya koma wurin Abatcha ya miƙa masa sandarsa ta kiwo, wadda ta yi shekara talatin a hannunsa tana bin daji.

"Wannan kuma riƙe mini, ɗana, sai ta shanu ta zo."