Tsakuwa da Ƙwallon Dabino

Ranar Lahadin da ta biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa, a bazarar da nake aji uku, mu 'yan matan unguwarmu a Garwa muka yi namu zaɓen a gindin dalbejiyar ƙofar gidanmu. Mun ga iyayenmu sun yi layi cikin rana, kowa ya ɗauki takarda mai sunan mutum ɗaya tilo ya jefa a akwati. Mu kuwa rigimarmu a kan mai ba da waƙar gaɗa ce. Jummai ta shekara biyu tana bayarwa, ga murya kamar ta agwagwa, ga mintsini. Sai muka ajiye ƙwarya: mai son Jummai ta jefa tsakuwa, mai so na ta jefa ƙwallon dabino. Dabino ya rinjaya. Muka zaga unguwa muna tafi muna ihu, "Mun gaji da ta da, sabuwa muke so!"

Wani ya ji, ya kai gaba. Washegari jandarmomi, jami'an tsaron gwamnati, suka ɗauke Baba daga teburinsa na nama, wai shi ya koya wa yara zaɓen mutum biyu. Kakanmu daga Kano ya ƙetaro iyaka ya zo ƙasar nan, don haka kalma ɗaya ta isa a ce mu baƙi ne, a ƙwace teburin, a tsallakar da mu iyaka. Kwana uku Inna tana dafa tuwo ba mai ci, ni kuwa ko rijiya aka aike ni sai in bi jikin katanga.

Jauro, mai unguwarmu, shi ya samo mafita. Aka tara mu a gindin bishiyar nan, jandarma yana zaune a kujera, aka ce a sake. Jummai ce kaɗai 'yar takara, kowacce aka danƙa mata tsakuwa. Ni aka fara kira. Na jefa, na yi tafi, hawaye yana shiga mini baki. Da la'asar Baba ya dawo yana ɗingishi, bai taɓa faɗa mana abin da aka yi masa ba.

Yanzu jikokina suna musu a tsakar gida kan yadda za a gyara zaɓe, wannan ya ce zagaye biyu, wancan ya ce a taƙaita wa'adi, murya har titi. Ina sha'awarsu, ina da abin faɗa ma. Amma sai in tashi in rufe ƙofar zaure.