Ƙullin Ɗankwali a Cikin Gawwasa

Na yi shekara arba'in ina tuƙin mota a Jidda, kuma yawancin abin da ya same ni a hanya ya bi iska. Amma akwai wata Alhamis da na kai 'ya'yan yayata yawon teku a Abhur, wadda ba za ta goge daga zuciyata ba har ranar da za a sa ni a rami. A shekarun saba'in ne, lokacin ina da ƙuruciya, ga baki kamar na ɗan kasuwa, ga yarda da kai da ta wuce kima.

A nan Jidda aka haife ni. Kakana ne ya zo hajji da ƙafa bai koma ba. Hausata ta tsakar gida ce, rabinta Larabci, amma ina ji da ita, ban kuma yarda akwai kalmar da za ta gagare ni ba. Yayata kuwa, wadda muke uba ɗaya, aure ya mayar da ita Yawuri tun ina ƙarami. A waccan shekarar ta zo umara lokacin hutun makaranta da 'ya'yanta biyu, mace mai shekara tara da ƙanenta mai shida. Mijinta ya rasu shekara guda kafin nan. Wasiƙar da ta kawo mana labari cewa kawai ta yi Allah ya karɓi abinsa, muka yi addu'a muka shafa, ban taɓa tambayar yadda aka yi ba.

Yaron ya saba da ni tun ranar farko. Yarinyar ce ta gagare ni. Ba ta rashin kunya, ba ta kuka, sai dai in ka yi mata wasa ta dube ka ta sunkuyar da kai. Na ci alwashin sai na ga haƙoranta kafin su koma gida.

A lokacin ina tuƙa wani attajiri mai gidan hutu a Abhur, nan na san wani jirgin yawon buɗe ido da kowa ke kira gawwasa, wato jirgin da ke shiga ƙarƙashin ruwa. Gaskiyar magana ba ya shiga ko'ina. Samansa na kan ruwa kamar kowane jirgi, sai dai a cikinsa akwai ɗaki da ake sauka ta matakala, bangonsa duk tagogin gilashi, kana zaune kana kallon kifaye. Maigidana ya ara mini motar, na ce wa Yaya shan iska za mu je. Maganar jirgi na ɓoye ta, wai don in ba yaran mamaki. Tana gyara wa yarinyar ɗankwali ta ce, “Duk abin da kawunku ya ce shi za ku yi. Ban da musu.”

A mota na kasa riƙe bakina, na ce musu yau gawwasa za mu shiga. Yaron ya ce, “Kawu, gawasa ai ci ake yi, ba shiga ba.” Ban gane ba, sai da yarinyar ta yi mini bayani cewa wani ɗan itace ne mai ƙamshi da ake sayarwa a kasuwarsu. Tana faɗa tana danne dariya. Na hango ta a madubi, na ce a raina halas, shi ke nan, na gama da ita.

Da muka isa bakin ruwa sai ta tsaya cak. Na ɗauka ƙauyanci ne na wanda bai taɓa ganin teku ba. Na ce, “Yalla, mu je, 'yata, kawunki na nan.” Ta kama hannun ƙanenta ta taka katakon hawa jirgin ta shiga. Muka sauka ɗakin ƙasa tare da wasu iyalai. Inji ya tashi, jirgi ya ja baya, sai na ga dama ta samu ta ƙara wa miya gishiri. Na faɗa da ƙarfi, ina murmushi, “To ku shirya, yanzu jirgin nan zai nutse da mu har ƙasa.”

Ni a wajena fassara kawai na yi, abin da masu jirgin ke faɗa wa yara da Larabci don su ji daɗi. Na juya ina nuna musu kifaye, wani rawaya mai ratsin baƙi, wani shuɗi mai baki irin na aku yana gwaguyar dutsen murjani na ƙasan teku. Yaron ya manna hanci a gilashi yana ƙirga su. Na daɗe ina zuba kafin na lura yarinyar ba ta kallon tagar. Kanta ba ɗankwali. Ta cire shi ta ɗaure hannunta da na ƙanenta, ƙulli biyu, kuma leɓɓanta na motsi. Da na kai kunne sai na ji kalmar shahada take maimaitawa.

Na ce, “Me ya faru? Wannan ɗaurin fa?”

Ta amsa a hankali, kamar mai ba da saƙo. “Kawu, ka ce zai nutse. Da kwalekwalen Baba ya nutse, kwana uku ana nemansa. In an same ni, sai a sami ƙanena tare, kada Inna ta wahala sau biyu.”

Ban taɓa jin kunya da tsoro sun haɗu mini lokaci guda irin na ranar ba. Yarinyar nan ta yarda mutuwa na kawo ta, ta kuma biyo ni, don uwarta ta ce ban da musu. Na san in muka koma a haka, ba za ta ƙara yarda da maganata ba, kuma ruwa zai zame mata dodo har tsufanta.

Abu ɗaya na yi daidai a ranar, ban tsaya rantse-rantse ba. Bakina ne ya yi ɓarnar, na san ba shi zai gyara ba, gani ya kori ji. Na ɗauki yaron, ita tana biye saboda ƙullin, muka hau matakala. Rana ta dake mu, iska na kaɗawa, ga gidajen Abhur can a fili. Mai tuƙa jirgin wani dattijo ne Bahaushen Sudan, Hausarsa ta fi tawa nesa ba kusa ba. Na gaya masa abin da na yi a gurguje. Ya dube ni ya ce, “Kai dai Allah ya shirye ka.” Sannan ya durƙusa gabanta.

“Jikata, taɓa nan,” ya ce, ya ɗora tafinta a kan katakon jirgin. “Da zafi ko? Abin da ya nutse ba ya ɗaukar zafin rana. Kawunki Hausar Jidda gare shi. Mu ba nutsewa muke yi ba, leƙawa muke yi, kamar yadda kike leƙa rijiya kina tsaye a bakinta.”

Ta daɗe tana kallon hannunta. Na ce mata in ta fi son mu zauna a sama har a koma, haka za a yi, wannan karon ita ke da magana. Sai ta ce tana so ta leƙa.

Ita ta shige gaba. Ta zauna jikin tagar, hasken rana na saukowa cikin ruwan har kan yashi, ƙananan kifaye na wucewa garke-garke. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, “Kawu, ashe akwai haske a ƙarƙashin ruwa. Ni na zaci cikin duhu Baba ya kwana.” Na san kogin garinsu ba haka yake ba, ruwansa ja ne. Amma ranar ce ta farko a rayuwata da na iya kama bakina. Ta sa haƙori ta kwance ƙullin, ta mayar da ɗankwalinta, ta tambayi ƙanenta kifi nawa ya ƙirga.

Da na ba Yaya labari na nemi gafara, ta ce laifin na mu biyu ne, ni ban tambaya ba, ita ba ta faɗa ba. Yarinyar yau tana da jikoki, in mun yi waya har yanzu Kawu mai gawasa take kirana.

Tun daga ranar na daina auna kalma da abin da take nufi a bakina, sai da abin da ta taɓa yi a gidan mai sauraro. Kuma duk sanda yaro ya bi ni shiru ba musu, ba na cewa ya yarda. Hannunsa nake fara dubawa.