Ranar da Mai Ƙidaya Ya Zo Rugarmu

Ko yau in na ji ƙararrawar keke sai in ga kaina a rugarmu, can gefen dajin gwamnati inda aka zaunar da mu, tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma. Kaka ce, gero ya nuna, hayaƙin kashin shanu yana tashi a hankali.

Ni ce 'yar fari. Kun san al'adarmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ma yarda a ga ta dube shi. Tun yaye aka miƙa ni bukkar kakata. A bakin Inna mahaifiyata kuwa sunana "ke", in ta yi sakin baki ta ce "waccan". Na san kunya ce, amma abin yana ci mini rai.

Ran nan wani malami ya iso a kan keke, wai gwamnati ta aiko a ƙidaya mutane. Baffa na wajen kiwo, kakata ta tafi tallan nono. Inna ta lissafa masa ƙannena tiryan-tiryan, ta tsallake ni.

Ya nuna ni da alƙalami. "Wagga fa?"

"Ta tsohuwa ce," in ji Inna, idonta a kan ƙwarya.

"Yarinya, mi sunanki?"

Ni kuwa da taurin kai aka haife ni. Na kame bakina. A bakinta nake son in ji.

"To, ni ba ni dawowa," ya ce. "Wanda ba a rubuta ba, babu shi."

Ya tura kekensa ya tafi. Na ɗauki maganar da gaske. Na dubi inuwata, sai na ga kamar ta fara dusashewa, na zaci kafin a dawo da shanu zan ɓace kamar raɓa.

Sai Inna ta ɗebi kindirmo a ƙoƙo, wai baƙo bai sha komai ba. Ta cim masa a gindin gawo. Na lallaɓa ta bayan maruƙa na laɓe. Ta waiga hagu da dama, ta ja gyale ta rufe rabin fuska, ta faɗi sunana. A hankali ta faɗe shi, kamar mai ɗauke da madarar da ta cika ƙwarya. Malamin bai ji ba, sai da ta maimaita.

Da ta juyo ta gan ni, ta haɗe rai. "Ke, kauce mani."

Yanzu jikokina suna ƙwala wa 'ya'yansu na fari kira tun daga bakin titi, ko a jikinsu. Takardar malamin ban san inda take ba, wataƙila gara ta cinye ta. Inna ta yi tsawon rai, a hannuna ta cika, ba ta sake faɗa ba. Sau biyun nan na gindin gawo su ne rabona, kuma har yau ban gama jin su ba.