Saniyar Aro a Gidan Haya

Baba ya iso Yamai a bayan kamiyo, babbar motar kaya, a shekarar da ruwa ya ƙi sauka a ƙasarmu ta Adar. Abin da ya rage masa na garke shi ya sauko da shi: jar saniya ɗaya, tunkiya da ɗanta, awaki biyu. Ni kuwa ban daɗe da gama karatun kiwon dabbobi ba, ina aiki a wani biro, wato ofishin gwamnati. Muna haya ni da matata kusa da Gaweye, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida inda take kiwon kajinta.

Na dubi haƙarƙarin saniyar, na yi ta juya maganar a bakina kafin na fitar da ita.

"Baba, ina ganin kamar, ko da za a sayar da ita tun tana tsaye, a riƙe awakin. Su suna jure fari."

"Likita ke nan," in ji shi. Haka yake kirana in zai yi mini ba'a. "Ka taɓa ganin an sayar da kayan mutum ba ya nan?"

Saniyar ta habbanaye ce. Wani Bafillatani, amininsa tun suna samari, shi ya ba shi aronta tana karsana. A al'adar, 'ya'yan da ta haifa naka ne, ita kuwa uwar sai ta koma ga mai ita. 'Ya'yan sun mutu tun kafin a baro gida. Aminin ya yi kudu da garkensa, ba wanda ya san inda yake. Baba ya ce zai mayar masa da ita a kan ƙafafunta, ko da komai nasa zai ƙare. Daga ranar aikin gidanmu ya zama ɗaya: kada saniyar nan ta faɗi.

Da farko Baba yakan zuba komai a babbar tasa guda, dusa da harawa da ɗan abin da aka samu, ya ajiye a tsakar gida. Kafin saniyar ta sunkuyar da kai, awakin sun tsince ganyen harawar, kajin sun shiga cikin tasar da ƙafafunsu, tunkiyar kuma in aka taka abinci ba ta ƙara kallonsa. Na ce wataƙila gara a raba musu.

"A daji wa yake raba musu?"

"A daji a rabe yake, Baba. Akuya tana miƙewa ta ci na sama, saniya ta naɗe doguwar ciyawa da harshe, tunkiya ta bi bayanta ta tsinci gajera. A nan ne ba su da wurin rabuwa."

Bai ce na yi gaskiya ba, amma washegari na ga ya kafa turaku uku.

Saniya ciki gare ta kamar rumbu. Ba daɗin abinci take nema ba, yawansa take nema, wanda za ta kwanta ta yi ta tuƙa. Kullum kafin in tafi biro sai in gangara bakin kogi in sayo damin ciyawar burgu, in ɗaure a bayan ɗan babur ɗina, mobilet. Kogin ya janye har mutane suna taka yashi a inda a da jiragen ruwa ke wucewa, kuma kowa burgun nan yake nema. Damin yana ƙanƙancewa mako bayan mako. Nakan isa biro da laka a ƙafar wando, in zauna ina gyangyaɗi a kan takardu.

Tunkiyar ita ce mai tsada a cikinsu, sai harawa mai ganye da dusa da ɗan kanwa. Awakin kuwa ba su taɓa tambayata komai ba. Sun ci 'ya'yan gawo, sun ci ganyen da suka kai gare shi ta kan katanga, sun ci kwali, sun fara gefen tabarmar Baba. Kaji hatsi suke so, hatsin da mu ma muke aunawa da hankali kafin a ɗora tukunya.

Burgu kaɗai ba ya riƙe saniyar da ta rame haka. Tana buƙatar angurya, ƙwayar auduga, kuma akwai buhunanta a magazan, ɗakin ajiyar wurin aikinmu, an ajiye don sansanonin makiyaya. Soja ne a ƙofar da bindiga. Zamanin mulkinsu ne, ana jin an tafi da wane saboda buhu ɗaya, mutane suna rage murya ko a cikin ɗakinsu.

"Ashe ba makiyayi ba ne ni?" Baba ya tambaye ni.

"Makiyayi ne kai, amma ba ka cikin sansani. Kuma ni ɗanka ne. Za a ce..."

"Za a ce, za a ce. Kai da tsoro tare aka yanke muku cibiya."

Ban ɗauko ba, har yau kuma ina jin daidai na yi. A kasuwa na riƙa sayen anguryar tiya-tiya. Na gaya wa mutanen gida a kiyaye kada kaji su ci, domin abin da ke gina saniya a cikinta yana iya kashe kaza. Amma wa zai tsare kaza mai yunwa yini guda? Suna tsintar wadda ta zube a gindin turke. Suka daina ƙwai, suka fara tsayuwa da fukafukai a sake, suka bi juna suna mutuwa. Ba zan rantse anguryar ce ba, don an yi ciwon kaji a unguwar a lokacin. Matata ta share akurkin, ta kife shi.

"Maigida," ta ce, "gidan likitan dabbobi ke nan. Allah ya sa mu mutanen mu tsira."

Aka sayar da tunkiyar da ɗanta, suka koma burgu da angurya a cikin saniyar. Akuya ɗaya ta bi su. Wata safiya saniyar ta kasa tashi, muka zura mata buhu ta ƙarƙashin ciki, ni da Baba da maƙwabcinmu tela muka ɗaga ta. Haka muka riƙa yi kowace safiya har bayana ya riƙe.

Da ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi kore a bayan gari, Baba ya kama igiya zai kai ta. Na tare ƙofa. Na ce cikin da ya daɗe yana cin busasshe, in ya cika da sabuwar ciyawa mai raɓa, zawo ko kumburi zai kayar da ita. A fara ba ta kara a gida, a fita da ita bayan rana ta ɗaga, a dawo da ita tun ba ta ƙoshi ba. 

"Da tawa ce da na sake ta ta ci ta more, ko ta mutu da ciki cike," ya ce. Ya mayar da igiyar a turke.

Da damina ta kankama suka hau kamiyo zuwa Adar, shi da saniyar. Akuyar da ta rage ya bar wa matata a madadin kajinta. Bayan wani lokaci direban ya biyo ta gidanmu da saƙo: an sami aminin ya dawo da jaki ɗaya da sandarsa, ba ko saniya. Aminin ya zagaya jar saniyar, ya buɗe bakinta, ya ce ta rame. Sannan ya zauna a ƙasa kusa da ita, ya ƙi tashi.

Na yi wa direban godiya, na raka shi ƙofa. Da na dawo na tarar da akuyar ta miƙe a kan ƙafafun baya tana cin igiyar shanya. Ban kore ta ba. Na shiga ɗaki na kwanta da takalmana.