Siu Bleng, Mai Gyaran Muryar Kuge

A wurin ɗiban ruwa na ji mata suna cewa Siu Bleng ya kurumce. Na ce ƙarya ne. Shekara talatin ina koyarwa, na san yadda magana take kumbura a hanya. Mutumin da kullum da hantsi yake zaune a gindin ɗakinsa da 'yar guduma, ƙauyuka tara suna ɗauko masa kugensu na tagulla a kan babur in murya ta karkace, shi ne zai kurumce?

Sai dai saura kwana goma bikin sallamar kabarin mijina, wanda a al'adarmu da shi ake rabuwar ƙarshe da mamaci, ga babban kugenmu ya faɗo daga bango, yana kuka kamar murfin tukunya. An ce mamaci ba ya tafiya in kiɗa ya karkace. Ko matattu suna ji, ban sani ba. Dangin mijina dai suna ji.

Na sa aka kai masa kugen, na lallaɓa ta bayansa na kwatsa: "Baban H'Lin! Tsohon biri, ɓaunar da kake noma da ita ta shiga gonata!"

Ko gezau.

'Yarsa H'Lin ta sauko ta tsanin ɗakinsu mai tsaye kan dirkoki tana dariya. "Inna, zage shi son ranki. Ni ma haka nake hucewa."

Ya waigo, ya ƙura wa bakina ido. "Malama, bakinki yana ta motsi. Ashe ba ki yi ritaya ba?"

Sai ya ciji igiyar kugen da haƙoransa, ya buga, ya rufe ido, yana jin rawar tagullar ta haƙoran. Ya ɗan ƙwanƙwasa cikin kugen da guduma, ya sake cizo. Har rana ta take. Da makaɗa goma sha uku suka jeru suka gwada, shugabansu Ksor Nhiu zama ya yi a ƙasa, ya riƙe kai don mamakin yadda muryar ta dawo daidai.

Kai ne, Bleng, ka hana tagullar kakanninmu komawa murfin tukunya. Da kiɗanka na sallami mijina, surukaina ba su sami abin cewa ba. Na gode. Ku da kunnuwanku biyu, ku je ku zauna kusa da shi tun yana da haƙora. Mutum uku kacal yake koya wa.

Kafin in tafi ranar nan na tambayi H'Lin tun yaushe. Ta ce tun zazzaɓin da ya kwantar da shi. Shekara bakwai ke nan bai ji muryar kuge ba.