Ranar da Muka Ci Dusar Ƙanƙara da Miyar Kuɓewa

Shekarun baya, cikin shekarar da mahaifina ya rasu, na ɗauko wa kaina wani aiki da ba wanda ya sa ni, kuma ba ya kawo ko sisi: gina garin Turawa a kan falankin katako.

Ni haifaffen Jidda ne. Iyayena Hausawan Sudan ne, a unguwar Kurayyat na tashi, ina aikin tsaron kaya a wani sito da ke Khumra. Sanyin da na sani a duniya bai wuce na mukayyif ba, wato na'urar sanyaya ɗaki, sai kuma ɗakin daskarar da kaji na siton maƙwabtanmu, wanda duk ranar da na leƙa sai na kwana da mura. Da wannan ilimin ne na tsaya gaban wani kwali a kasuwar gwanjo wata Juma'a da yamma. A jikin kwalin an zana ɗan jirgin ƙasa yana ratsa wani ƙauye da dusar ƙanƙara ta lulluɓe. A ciki akwai kan jirgi da taragu uku, da layin dogo mai zagaye, da 'yan gidaje da bishiyoyi da tumakin roba. Dusar ƙanƙarar ce kawai babu. Na ce ai wannan ƙaramin abu ne, na saya.

Gaskiyar magana, gidan ne ya yi mini faɗi. Tun da mahaifiyata ta fita takaba ta daina faɗa. Wanda bai san Inna ba ba zai gane girman wannan maganar ba. Matar da in ka bar ƙwayar shinkafa a faranti sai ta ba ka tarihin yunwar da aka yi a garinsu, ita ce ta koma zama a bakin gado, in an kawo abinci ta ce an gode. Sannan ta sanar da matata, ba ni ba, cewa bayan Babbar Salla za ta koma Sudan wurin ƙanwarta, don ba ta ga aikin da take yi a nan ba.

Ni ne ɗanta na fari. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tunda aka haife ni sunana a bakinta "wannan yaron". Ni ma haka na tashi, in muna ɗaki ɗaya bango nake yi wa magana. To ta yaya zan buɗe baki in ce, Inna kada ki tafi, ba zan iya gidan nan ba ke ba? Na gwada sau da yawa. Sai in je har ƙofar ɗakinta, in tambaye ta ko mukayyif yana aiki, in dawo.

Saboda haka na tattara hankalina na zuba a kan jirgi. Na shimfiɗa falanki a lungun falo, na zana inda tasha za ta zauna, da inda tudu zai kasance, da inda jirgi zai shiga rami ya fito. Mashawarcina wani abokina ne, mutumin Nijar, direban babbar mota a wajen aikinmu. Shi ne masanin ƙanƙara a cikinmu, saboda jirgin sama ya taɓa yada zango da shi a wata ƙasa mai sanyi, ya hango farin abu ta gilashi. Kan wannan hangen yake ba da fatawa har yau.

Shi ya ce auduga. Na je wurin mai ɗinkin katifa na samo, na yayyafa ta ko'ina, gari ya yi kyau kamar a hoto. Jirgi ya yi zagaye ɗaya cikin isa, a na biyu ƙafafunsa suka naɗe audugar, ya yi wani kuka kamar akuyar da aka shaƙe, ya tsaya. Na wuni da tsinken sakace ina yi masa tiyata.

Abokina ya ce laifina ne, ai ƙanƙarar gaske tana ƙyalli, gishiri ya kamata. Na zuba gishiri. Mun manta da cewa a Jidda muke, inda iska kanta jiƙaƙƙiya ce. Aka ɗauke wuta wata rana na ɗan lokaci, mukayyif ya tsaya, kafin in dawo daga aiki hunturu ya koma damina, tasha tana iyo, layin dogo ya fara tsatsa. Da na kira shi sai ya ce, "Voilà, ai haka take yi a can ma, narkewa take." Maganar sukari ba zan tsawaita ba. Kiyashin unguwarmu kaf sun zo, har da na kasuwar Bab Makka ina jin an aika musu, suka yi layi a kan dogo sun fi jirgin bin ƙa'ida.

Duk wannan bidirin Inna tana wucewa ta gefensa sau biyar a rana in za ta yi alwala. Ko kallo bai ishe ta ba. Wannan ya fi tsatsar ci mini rai, don a da ko takalmi na ajiye a karkace sai na ji a jikina.

Ana saura 'yan makonni Salla, dabara ta zo mini ni kaɗai ba tare da mashawarci ba. Na shiga kicin na ɗebo garin alkama cikin kwano, na ɗauki rariyar matata, na tsaya a kan garin nan ina tankaɗe a hankali. Jama'a, ban taɓa yin abin da ya yi kyau kamar wannan ba. Garin ya sauka a kan rufin gidaje, ya kwanta a rassan bishiyoyi, ya rufe bayan tumaki. Na ƙara kwano na biyu, na ƙara na uku. Na share kan dogo da burushi, jirgi ya zagaya lafiya lau. Na ɗauki hoto na tura wa abokina, ya ce wallahi ita ce, har ya ji sanyi. Na tafi aiki ina jin kaina injiniya.

Da na dawo da azahar, falanki fes, kamar an yi masa wanka. Babu ko ɗigon fari. Matata tana ta kauce wa idona, tana danne dariya da bakin gyale. Aka shimfiɗa ledar cin abinci, aka kawo asida, tuwon mutanenmu na Sudan, da miyar busasshiyar kuɓewa. Na yi loma ɗaya na san ba hannun matata ba ne. Rabon da in ji wannan ɗanɗanon tun mahaifina yana da rai. Na ci, na ƙara, na suɗe hannu. Sai da na gama matata ta ajiye wata 'yar tunkiyar roba a gefen tire, ta ce a rariya aka same ta.

Kafin in haɗiye wannan, muryar Inna ta taso daga ɗaki, ba da ni take ba, da labule take.

"A gaya wa wannan yaron, abinci ni'imar Allah ce, ba a zuba shi a ƙasa don tumakin roba su taka. Mutum da furfura a gemu. Haram alaik. Ubansa bai taɓa barin ɓawon burodi a hanya ba sai ya ɗauke ya ɗora a kan katanga."

Ta yi faɗa har la'asar. Ta taɓo yunwar garinsu, ta taɓo gishirin da na lalata da sukarin da na ciyar da kiyashi, ashe duk tana lissafe. Ni kuwa ina zaune kaina a ƙasa kamar mai nadama, amma Allah ya sani daɗi ne ya cika ni har wuya. Ban taɓa sanin mutum zai yi kewar a ce masa sakarai ba sai ranar.

Washegari na tarar an ɗaure bakin buhun gari da wani ƙulli da ita kaɗai ta san kansa. Kwana biyu bayan haka na same ta tsaye a kan falankin, hannu a baya, tana duba aikin kamar kafili, wato ubangidan aiki, ya zo zagaye. Ta gaya wa matata cewa wanda ya gina garin nan ba shi da tausayi: ya ce lokacin sanyi ne, amma ba inda aka tara itace, ba rumfar da dabbobi za su fake. Ta sa aka kai ta Bab Makka ta tsinto ƙyallayen farin yadi wurin masu sayar da atamfa, ta zauna tana yanka wa kowane rufi nasa. Tumaki ma aka ɗinka musu riguna. Ba irin garin da ke jikin kwali ba ne, amma ban isa in yi magana ba.

Da Salla ta matso ƙanwarta ta bugo waya tana tambayar ranar tafiya. Ina falo, ita tana ɗaki, kuma ta ɗaga murya yadda ta tabbata zan ji.

"Ba bana ba. In na bar gidan nan, wannan yaron shinkafa zai zuba a ƙasa ya ce ƙanƙara ce. Khalas, magana ta ƙare, sai ya yi hankali."

Na tashi na shiga banɗaki na buɗe famfo, na daɗe ban fito ba.

Abin da na koya shi ne, akwai maganar da ba ta fita ta baki a gida irin namu, sai ta nemi wata ƙofar. Ni ban iya cewa ki zauna ba, ita ba ta iya cewa zan zauna dominka ba. Wautata ce ta yi mana tafinta. Kuma na gane tsoho ba hutu yake nema ba kamar yadda muke zato, so yake a ce akwai abin da zai lalace in ba ya nan.

Bayan wata biyu abokina ya zo da murna, ya samo mini gwangwanin dusar ƙanƙarar roba ta ainihi, irin wadda masu wannan wasan suke amfani da ita, ba ta narkewa, kiyashi ba ya ci. Da ita aikin zai ƙare a yini ɗaya. Na yi godiya, na kai shi bayan mota na tura ƙarƙashin tayar safaya, na ci gaba da zuwa gida da shawarwarin banza, yau garin sabulu, gobe alli, Inna tana rushe su ɗaya bayan ɗaya.

Shekara shida ta ƙara yi tare da mu, kuma a ɗakinta na Kurayyat Allah ya karɓi abinsa. Bayan an share makoki matata take gaya mini cewa tun makon farko Inna ta ga gwangwanin, ranar da na kai su asibiti ana neman abin shimfiɗa a bayan mota. Ta juya shi, ta tambayi mene ne, matata ta gaya mata. Sai ta mayar da shi inda yake, ta gyara masa zama, ta ce kada a gaya wa wannan yaron ta gani.