Muryar Inna a Faifai Biyu

Shagona a Karaye ɗan ƙarami ne, tsakanin wani tela da mai sayar da maganin feshi. Yawancin aikina bai wuce kwamfutar makaranta da ta ƙi tashi ba, ko firintar da ta haɗiye takarda. Mutane suna ce mini Injiniya. Ban taɓa hana su ba, har ni ma na fara yarda.

Wata safiya cikin damina wani mai sayar da taki da na sani a kasuwa ya shigo rungume da kwamfuta irin ta tebur, an naɗe ta da zanen gado. A Yola yake zaune, ta nan Karaye. Muka gaisa, na tambayi iyali da yadda ruwa ya yi a wajensu, sannan ya ce kwamfutar ta matarsa ce. Gadonta ce daga mahaifinta, wani malami na Ruwan Bago da ya rasu bayan babbar salla. Tun da aka kawo ta gidansu ba ta taɓa tashi ba.

"A zuba mata sabuwar manhaja ta tashi, Injiniya," in ji shi. "Amma don Allah a kula. Karatun marigayi na shekaru yana ciki, kuma akwai wata murya guda da ta hana matata sukuni."

Ya ba ni labarin a tsaye. Matar tasa 'yar fari ce, kuma mahaifiyarta, da suke kira Inna, irin matan nan ne na da masu kunyar ɗan fari. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan 'yar a gaban kowa ba, sai dai ta ce "ke" ko "waccan". Ranar da aka fara haɗa kwamfutar, marigayi yana gwada makirufo, ya tsokani Inna ya ce ta lissafo 'ya'yanta da sunayensu don na'urar ta san su. Ita kuwa tana ganin ƙarfe ne kawai ke ji, ta faɗa tana dariya. Sau ɗaya tak 'yar ta ji wannan, lokacin da mahaifin ya kunna mata bayan rasuwar Inna. Shi take so ta sake ji.

Na ce masa ba matsala, ya dawo da yamma. A lokacin haka nake ce wa kowa.

Da na warware zanen, shagon ya cika da ƙamshin turaren wuta da tawadar allo, kamar mai ɗakin ne ya shigo ya zauna. Na kunna. Wani rubutu ya gilma a fuskar kwamfutar, layi ɗaya daga ciki ja ne. Na gan shi, ban karanta ba, domin yatsana ya riga ya tafi kan maɓallin da zai kai ni ga filashina. Manhajar girkawa ta tashi lafiya, ta zo inda take tambaya a wane faifan ajiya za a zuba ta, sai ta ce babu faifai ko ɗaya a cikin na'urar. Alhali ina jin sa da kunnena yana juyawa.

Wannan ya isa ya sa mai hankali ya ɗauko sukundireba. Ni sai na shiga saitin cikin na'urar, na tarar an sa faifan a tsarin haɗaka, na yi tsaki na mayar da shi tsarin da aka saba, kamar yadda na sha yi. Na sake tashinta. Yanzu kam faifan ya bayyana, amma fayau, babu ko ɗigo a cikinsa. Na yanke hukunci nan take cewa wani mai rabin sani a ƙauye ya riga ya goge komai. Na kira mijin na gaya masa. Ya yi salati, ya ce to tunda haka ne a zuba. Na danna.

Aikin ya yi nisa sosai lokacin da na fara jin ƙwanƙwasa. Ƙas, ƙas, ƙas, a hankali, sai ta tsaya, sai ta dawo. Na leƙa ƙofa, ba kowa, titi ma ya yi tsit saboda hadarin da ya haɗo. Na dawo na kasa kunne. Daga cikin akwatin kwamfutar take fitowa. Ba zan ɓoye ba, sai da na yi addu'a kafin na kwance murfin.

Wata waya ce ke lilo tana taɓa fanka. Na bi ta da ido zuwa inda ya kamata a ce ta shiga. Gurbin faifai biyu ne, ɗaya a cike, ɗaya wayam. Ƙura ta rufe ko'ina a ciki ban da wannan gurbin, ramukan kusoshinsa ma suna ƙyalli, alamar ba a daɗe da cire abin da ke wurin ba. Ban tsaya kashewa yadda ya kamata ba, na fizge wayar wuta daga bango.

Daga baya na gano cewa wanda ya haɗa wa marigayi na'urar, wani ɗan 'yar'uwarsa da ke aiki a kudu, ya ɗaure faifai biyu ne su zama ɗaya don ta yi sauri. A irin wannan tsari ba a ajiye abu cikakke a faifai guda. Kamar a ɗauki littafin malamai da ba a ɗinke ba ne a riƙa raba warƙoƙinsa, wannan dama, ta gaba hagu, har ƙarshe. Faifai ɗaya shi kaɗai ba ya karantuwa, shi ya sa ya yi kama da fanko. Rabin komai yana cikinsa, kuma a kan farkon wannan rabin na yi ta zuba sabuwar manhaja.

Na sake kiran mijin, na tambaya ina ɗaya faifan. Matar ce ta karɓi wayar. Ta ce wajen rabon gado ita da ƙanenta kowa ya nuna yana son karatun Baba. Dattawa suka sa aka buɗe akwatin, aka ga faifai biyu, aka ce alhamdu lillahi, abu ya zo da sauƙi. A zatonsu ɗaya na tafsirin azumi ne, ɗaya na karatun safe. Aka ba ta na'urar da faifai ɗaya, aka haɗa wa ƙanen ɗayan da littattafai.

Na hau faɗa. Na ce ai wannan ba buhun masara ba ne da za a raba da mudu, me ya hana a tambayi wanda ya sani? Ta yi ta ba ni haƙuri. Abin da ni na aikata kuwa ban ce uffan a kansa ba, kuma har yau in na tuna wannan wayar kunya takan rufe ni.

Washegari ni da mijin muka hau babur zuwa Ruwan Bago. Bayan mun bar kwalta, masara ta fi ƙarfin kanmu hagu da dama, muka yi tafiya mai tsawo ba mu gamu da kowa ba sai kwaɗi a kududdufi. Ƙanen matar mahaddaci ne, Alaramma ake ce masa, mutum marar yawan magana. Bayan doguwar gaisuwa da ta'aziyya ya buɗe mana ɗakin marigayi. Buzunsa na nan a shimfiɗe, ga ɗan tebur da shatar inda kwamfutar ta zauna. Ya sa hannu tsakanin gafakokin littattafai ya zaro wani ƙunshi na farin ƙyalle, an ɗaure shi sama da ƙasa. Faifan ne a ciki, ɗaurin kamar na likkafani.

Na tambaye shi ko ya taɓa ba wani ya jona.

"Wani a Rogo ya ce in kawo ya duba mini," in ji shi. "Na ce a'a. Ban san yadda abin yake ba, ba zan bari a taɓa shi da gaggawa ba."

Na ce ya kyauta, ina kallon ƙasa. Ya ce ba zai ba da shi a tafi da shi ba, da kansa zai biyo mu.

A shago na fara da abin da ya kamata in yi tun farko: na kwafe faifan biyu a wasu, na ajiye na asalin a gefe. Sai dai zubin da na yi ya cinye bayanin da ke nuna wanne ne na farko da kuma girman yankan da ake raba musu. Jerin sunayen abubuwan da ke ciki ma ya tafi. Ba abin da ya rage sai gwaji. In haɗa su yadda na zata, in ɗebo daga tsakiya, in tura wa sifika mu ji.

Gwajin farko da azahar ne, rana tsaka. Muryar tsohon ta fito tar, kamar yana bayan labule. Ya ja kalma biyu, ya yi tsalle zuwa gaba, ya dawo baya ya ɗauko abin da ya bari, numfashinsa yana yankewa a tsakiya yana farawa a wani wurin. Keken telan da ke maƙwabtaka ya tsaya cak. Alaramma ya miƙe tsaye.

"A'uzu billahi! Kashe, Injiniya, kashe! Baba bai taɓa juya aya ba."

Na kashe, na yi masa bayani cewa ba marigayi ne ya juya ba, ni ne ban jera daidai ba, kuma ba ni da hanyar sanin daidai sai ta kunnensa. Sannan ya zauna a kan benci, ya naɗe ƙafa, ya rufe ido, ya ce in sake. Haka muka yi ta yi. In canza, in kunna, ya ɗaga hannu ya ce an gabatar da ƙarshe, ko an tsallake kalma uku. A wani gwajin muryar ta koma kamar ta mutum biyu suna rige-rigen magana da baki ɗaya, har mijin ya fita waje ya tsaya.

Can sai na kunna, hannun Alaramma bai ɗagu ba. Karatun ya miƙe sumul, aya na bin aya, ga zakara yana cara a bayansa a wata safiya da ta wuce. Tsohon ya yi tari, ya dakata, ya ce da muryar yau da kullum, "Wane ne a bakin ƙofar nan? Shigo mana." Mu duka muka juya muka kalli ƙofar shagon. Hawaye na bin gemun Alaramma, bai share ba.

Mafi yawan karatun ya dawo cikakke. Amma abin da aka fara ɗauka yana farkon faifan, daidai inda na yi ɓarna. Kwana uku ina lalube kafin na ji dariyar mace. Na saurara sau ɗaya ni kaɗai, na kashe.

Bayan la'asar na kai musu gida a Yola. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, matar ta zauna daga bakin ƙofar ciki cikin hijabi, Alaramma da mijin suna gefena. Na kunna.

"Zo ki ce wani abu," in ji marigayi. Mace ta yi dariya daga nesa, ta ce, "Ni me zan ce wa ƙarfe? Tuwona na kan…" Sai wata ƙara ta ɓarke kamar injin niƙa ya ci dutse. Daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, muryar ta dawo, daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, ƙarar ta sake danne ta. Matar ta toshe kunne, sannan ta sauke hannun da sauri don kada wani abu ya wuce ta.

Alaramma ya ce, "Yaya, ki yafe mini. Ni na nace a raba. Wataƙila ma damshin ɗakin ne ya taɓa nawa."

Da na yi shiru da an tafi a haka. Na ce, "Alaramma, duk abin da kuka ji na muryarta daga naka faifan ya fito. Ƙarar nan manhajar da na zuba ce a kan faifan yayarka, kafin in buɗe akwatin in duba. Ba rabon ne ya ɓata shi ba, ni ne."

Ita ko kallona ba ta yi ba. Ta tambayi mijinta, ba ni ba, ko za a iya cire ƙarar. Na ce za a iya, amma abin da ke ƙarƙashinta ba zai dawo ba. Ta ce a cire, a bar gurbin yadda yake. A nan zauren na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya, na mayar da kowace ƙara shiru.

Na sake kunnawa. Yanzu Inna tana magana tana ɓacewa, tana dawowa. Muka ji marigayi yana cewa ta lissafo su, tun daga babba. Muka ji ta ce, "Kai, Malam, ka cika neman magana." Ta yi dariya ƙasa-ƙasa, ta ja numfashi, har an ji buɗewar leɓenta. Sai shiru. Da muryar ta dawo, sunan Alaramma take faɗa, sannan na sauran ƙannen, kowanne tar.

"Nan ne," in ji matar. "A mayar baya."

Na mayar. Ta matso har gwiwarta ta taɓa sifikar, ta sunkuyar da kai. Dariyar, numfashin, shirun. Ta ce a sake. A karo na huɗu na nuna wa mijin inda ake dannawa, na tattara jakata, na yi sallama, Alaramma ne kaɗai ya amsa. Ina ɗaure jakar a bayan babur ina jiyo su ta bango, tsohuwar ta yi dariya, ta ja numfashi, gidan ya yi tsit, sannan 'yar ta ce a mayar baya.